Kiɗi na Huɗu a Wayar Yaya

Yayana mai gyaran janareta ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya cinye kwanon abinci a wuri ɗaya ba. Zai fara a zaune, ya ci gaba a bakin ƙofa, ya ƙarasa a tsaye kusa da babur ɗinsa yana lalubar makulli. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta ce ko a goye haka yake, sai da ya yaga mata zani biyu. Ni ce autar gidan, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Malamar firamare ce ni, aikina kullum in ce wa yara su zauna, kuma suna zama. Wannan babban yaron ne kawai ya gagare ni.

Shagonsa ɗan siriri ne, a matse tsakanin mai sayar da taya da mai buga takardu. Baƙin mai ya rine simintin ƙasa har yana sheƙi. Injina a jibge wani kan wani, waɗanda aka gyara a dama, masu jiran layi a hagu, waɗanda suka mutu murus kuma a can ƙurya, yana cirar kayan jikinsu kaɗan-kaɗan. Akwai benci guda a ƙofa, amma na masu kawo gyara ne. Shi kam ko takalmi a tsaye yake ɗaurawa.

Ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Ka kawo masa janareta kana ta zuba bayani, jiya ya yi kaza, shekaranjiya ya yi kaza, sai ya ɗaga maka hannu ya ce, "Tayar min da shi kawai." Zai runtse ido, ya karkata kai, kafin minti ɗaya ya faɗa maka fulogi ne, ko datti a mai, ko wani noti da ya saki a can ciki. Da wuya ya kuskure. Matsalar ita ce kunnen ba ya tashi daga aiki. Muna tafiya a titi sai in waiwaya in ga babu shi, ya tsaya ƙofar gidan mutanen da bai sani ba yana ƙwanƙwasawa, wai zai gaya musu injinsu na shan iska. Ranar da matarsa ta haifi ɗansu na fari, nas ta fito neman uban jariri aka rasa shi. A bayan asibitin aka same shi, shi da maigadi, yana nuna masa bel ɗin janaretansu da ya kusa tsinkewa.

Shekara talatin da biyu yana cusa kai cikin ƙara, to ƙarar ta karɓi rabonta. Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Matarsa ce ta gane, don za ta yi ta magana a gefensa yana ta ɗaga kofin shayi kamar da bango take. Daga nan ya koma juyo wa mutane gefen dama, kai a karkace kamar kaza ta hango hatsi. Da kyar muka ja shi wurin likita. Likitan ya gama gwaje-gwajensa ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama ma ya kama hanya. Ya ce siraran sautuka ne za su fara ɓacewa, kukan tsuntsu, ƙarar waya, muryar yara, masu kauri su ne za su daɗe. Ya ce ya nisanci ƙarar inji, ya ba shi wasu 'yan robobi na toshe kunne. Yaya ya yi godiya har da rusunawa. Washegari na ga robobin a gwangwanin da yake tara notuna.

Na yi faɗa har na gaji. Ya ce, "Auta, in na toshe kunne, da me zan yi aikin? Da hanci?"

Duk rayuwarsa Yaya bai damu da kiɗa ba. A motar haya in direba ya kunna rediyo, shi injin motar yake saurare. Shi ya sa abin da ya faru a shagon aski ya ba kowa mamaki. An kira shi ne janaretan mai askin ya mutu da rana tsaka, wani mutum na zaune da rabin kai a aske. Yaya ya wanke abin da zai wanke, ya ja igiya, wuta ta dawo. Lasifikar shagon ta ɗora daga inda ta tsaya, a tsakiyar wani kiɗi. Mai askin ya ce min da bakinsa, Yaya ya tsaya cak da sifana a hannu har kiɗin ya ƙare, sannan ya ce a maimaita.

Kiɗin na wani mai busa sarewa ne, irin sarewar kara da makiyaya ke busawa, amma ya haɗa ta da jita ta lantarki, da piyano, da gangunan bature da na hannu. Waƙar baki kaɗan ce a ciki. Mai askin ya tura masa kiɗa bakwai a waya. Yaya bai tsaya riƙe sunayensu ba, da lamba yake kiransu, kuma na huɗu shi ne nasa. A cikinsa kayan kiɗan duk suna tafiya tare, suna rige-rige, suna tsokanar juna, can sai su yi tsit gaba ɗaya su bar sarewar ita kaɗai. Ta yi ta hawa, siririya, har ka ji kamar numfashinka ne zai ƙare, sannan ganguna su faɗo su tare ta.

"Kin ji yadda ya haɗa su?" in ji shi. "Tsohon inji da sabon kaya, kuma babu inda yake yoyo. Mutumin nan da bakanike ne da mun shiga uku."

Ya dame mu da na huɗu. A shago na huɗu, a gida na huɗu, a kan babur ya cusa wayar cikin hula. Matarsa ta ce har a mafarki tana jin sa. Mai sayar da taya, wanda bai taɓa neman sanin mai sarewar ba, ya wayi gari yana bin kiɗin da fito.

Bayan kamar wata takwas, wata ranar Lahadi ya zo gidana ba sallamar kirki. Ina gyaran takardun jarrabawar yara. Bai zauna ba, ya zagaya teburin sau biyu, ya ajiye wayar a kan takardun.

"Saurara min nan. Daga inda ganguna suka tsaya. Me kike ji?"

"Sarewa mana, Yaya."

"Har yanzu?"

"Har yanzu. Ga ta can tana hawa."

Ya ɗauki wayar ya manna a kunnen dama, ya cire, ya sake mannawa. Ashe sati uku ke nan yana jin sarewar ta fara hawa sai ta yanke, shiru ya biyo baya, sai ganguna su dawo. Shi a lissafinsa wayar ce. Ya buɗe ta ya canza mata lasifika, bai yi ba. Ya sake canza wata. Ya je ya yi wa mai askin ƙorafi wai ya tura masa kiɗi mai rami a tsakiya. Sai da ya gwada komai, sannan ya zo wurina, don ya san ni ba zan ɓoye masa ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Shi kuma ya saka wayar a aljihu ya ce fankata tana ƙara, in tuna masa ya zo da mai.

Mai askin ne ya kawo labarin cewa mai sarewar zai zo garinmu. Zai yi wasa a filin shaƙatawa, a waje, ranar Asabar daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Tun daga ranar Yaya ya ƙara rikicewa. Ya je ya duba filin sau uku, ya auna da ƙafa daga inda za a kafa dandamali zuwa inda za a jera kujeru.

"Waya ƙaramar aba ce," ya ce min. "A can manyan lasifika za su sa, kowace ta fi firij. Kuma ga mutumin a gabana. Dole in ji ta. Sau ɗaya kawai nake so, Auta, in ji inda take ƙarewa, in adana. Bayan nan kunnen ya yi abin da ya ga dama."

Matarsa ba ta son cunkoso, ga ciwon gwiwa, don haka ni aka ɗora wa rakiya. Na yarda, amma da sharaɗi, ba zai ɗauki kayan aiki ko ɗaya ba. Na san halin kayana. Ranar Asabar ya fito cikin farar riga da guga har tana yanka, na tare shi a bakin ƙofa na ce ya ɗaga hannu. A aljihun dama na ciro abin gwada wuta. A na hagu ƙaramar sifana. A cikin safa, wallahi a cikin safa, na ciro filaya. Matarsa tana dariya har da riƙe ƙofa.

"Filayar ko ki bar min ita," ya ce. "Ba na jin daɗin tafiya ba nauyi a jikina."

"Yau saurare za ka je yi, Yaya, ba gyara ba."

Na zuba su a kan tebur muka fita, ina jin kaina kamar na ci gari.

Mun isa da wajen awa biyu kafin lokaci. Ana jera fararen kujerun roba a kan ciyawa, wasu ma'aikata suna jan wayoyi, lasifika a jibge hagu da dama, manya kamar yadda ya ce. Sau huɗu muka canza wuri. Nan rana za ta dame mu, can ya yi nisa, nan kuma lasifikar tana gefen mataccen kunne. A ƙarshe ya zaɓi layi na uku, ya juya kujerarsa a karkace yadda kunnen dama zai fuskanci dandamali. Ya zauna ya tashi, ya je ya leƙa bayan lasifika, ya dawo, ya tambaye ni ƙarfe nawa, ya sake tambaya. Mutane suka cika filin, matasa da 'yan mata, iyaye da yara, wasu a kan tabarmi, wasu a tsaye a baya.

Da mai sarewar ya fito, Yaya ya ɗan ji kunya a madadinsa. Ya zaci wani ƙato zai gani, sai ga ɗan gajeren mutum siriri mai furfura, da riga kamar ta aro, ya riƙo sarewar a hammata. Wata mata ce ke riƙe da jita, wani mai gilashi a kan piyano, masu ganguna biyu a baya.

"Shi ne wannan?" in ji Yaya. "Kamar mai karanta mita."

Amma da suka fara, bakinsa ya mutu. Ni kaina ban san haka abin yake ba. A waya kiɗi ne kawai, a nan kuwa ganga a ƙirjinka take sauka, kuma kana ganin yadda suke kallon juna, matar ta jefa wani abu da jita, tsohon ya cafe da sarewa ya mayar mata. Yaya yana ta murmushi, ƙafarsa tana rawa, yana bugun gwiwata yana cewa, "Na biyu ne wannan, sun canza masa farko." Na ce a raina yau dai Allah ya yi.

A cikin kiɗi na gaba ne na ga kansa ya karkata, kuma ba wajen dandamali ba. Na san wannan karkatar tun ina yarinya. Ni ban ji komai ba sai kiɗa, amma sauti mai kauri har gobe Yaya ya fi kowa jin sa.

"Auta, injin mutanen nan ba zai kai magariba ba."

"Ba naka ba ne."

"Yana hawa yana sauka. Ba kya ji?"

"Ba na ji, kuma kai ma ba ka ji ba. Suna da mutanensu."

Na damƙe gefen rigarsa. Ya zauna, amma jikinsa kawai ke wurin. Can sai sautin ya ɗan nutse, lasifika ta yi wani gurnani, piyano ya ɗauke ya dawo. Mai gilashin ya waiwaya baya. Yaya ya zare rigarsa daga hannuna a hankali.

"In ya mutu, ba wanda zai ji komai, har ni. Minti biyar."

Na ba shi minti goma, sannan na bi shi ina tafasa. Janaretan yana can bayan dandamali, bayan wani shingen kwano, babba ne a kan tirela. Ƙararsa a wurin ta danne komai, ko ganga ba ka ji. Na tarar da Yaya a durƙushe, ya buɗe murfin gefe, ya naɗe yatsunsa da hankici ya riƙe wani ɗan ƙarfe. Kunnensa na dama, wanda muka zo dominsa, bai fi taƙi ɗaya daga injin ba. A gefe wani mutum mai tumbi yana ta danna waya yana share gumi. Direban da ya jawo injin ne, mai kula da injin kuwa ya je wani wurin aiki kuma ba ya ɗaga waya.

Da ihu da nuni na fahimci abin da ya faru. Sifirin ɗin da ke riƙe totur, wato ɗan ƙarfen da Yaya ya riƙe, shi ne ya karye daga ƙugiyarsa. In ba shi, sai an riƙe da hannu, a ƙara in kaya sun yi nauyi, a sassauta in sun yi sauƙi. Direban ya gwada karɓa, injin ya yi tari ya kusa mutuwa, Yaya ya ture hannunsa. Sannan ya ɗago karyayyen sifirin ɗin ya nuna min, ya haɗa yatsu biyu ya buɗe ya rufe. Filaya yake nema. Da ita zai lanƙwasa bakin ya yi sabuwar ƙugiya cikin minti biyu. Bai harare ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na fita da gudu. Na tambayi direban, ya ce akwatin kayan yana wurin wancan. Na tambayi masu jan waya, ɗaya ya ce in ga ogansu, ogan yana can tsakiyar jama'a da na'ura a gabansa, ya kore ni da hannu. Na tambayi mai sayar da ruwa, na tambayi masu gadin ƙofa, na fita har wurin ajiye motoci ina tare mutane kamar mahaukaciya, malama guda da mayafi a hannu tana roƙon filaya. Wani ya ce yana da ita a but ɗin motarsa, muka je, ashe ya bar ta a gida. Rana tana ta yin ƙasa.

Ina dawowa ta gefen dandamali na ji tsohon ya ce wannan shi ne na ƙarshe. Piyano ya fara, kuma tun bugun farko na gane shi, don wata takwas ana dafa mu da shi. Na koma bayan shingen na durƙusa kusa da Yaya, na kwatsa ihu a kunnensa cewa na huɗu ne, ya saki ya zo. Ya gyaɗa min kai, ya yi murmushi, ya nuna min da haɓa in koma in zauna. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Na ɗaga masa yatsu huɗu, amma idonsa ya riga ya koma kan allurar mitar injin. Na kama hannunsa zan ja, sai na tuna in ya saki, kiɗin ma ya mutu, shi da mutum dubu duk sun rasa.

Na fito na tsaya a gefe na saurara, tunda wani a gidanmu dole ya ji. Ganguna suka yi tsit. Tsohon ya matso bakin dandamali ya rufe ido, sarewar ta fara hawa. Ta fi ta waya tsawo nesa ba kusa ba. Filin duk ya yi shiru, har yara. Ina jin daɗinta ina jin haushin kaina, hawaye suna zuba ban ko share ba. Da ganguna suka faɗo mutane suka miƙe tsaye, aka yi ta tafi har mawaƙan suka sauka.

Sai da aka aiko aka ce a kashe injin sannan Yaya ya fito. Farar rigar ta tashi daga aiki, yatsunsa biyu sun yi bororo. Ya ratsa mutane da sauri ya koma layi na uku, ya gyara karkacewar kujerarsa ya zauna. Ana ta naɗe tabarmi a kewaye da shi.

"Hutu suka tafi?" Da ƙarfi yake magana, bai san yana yi ba. "Na gaya wa direban ya nemo waya ya ɗaure totur ɗin kafin su dawo. Allah ya sa dai ba su yi nawa ba."

Na zauna a damansa. Na ce an tashi. Ya ce me? Na nuna masa ma'aikatan da suka fara tattara kujeru daga baya, na ɗaga yatsu huɗu, na nuna dandamali. Ya kalli yatsun, ya kalli dandamalin.

"Daga ƙarshe-ƙarshen nan," ya ce, "akwai inda injin ya yi sakayau a hannuna. Kamar an sauke masa kaya gaba ɗaya. Ya kai minti uku. Na ɗauka waya ce ta tsinke, har na fara zagin mutanen a raina." Ya juyo. "Nan ne?"

Na gyaɗa kai.

"Minti uku," ya ce. "A waya ko ɗaya ba ta kaiwa." Ya sa ɗan yatsa ya girgiza kunnen, ya buɗe baki ya rufe. Sannan ya matso da kujerarsa ya miƙo min gefen kansa. "To ke kin ji. Yi min ita, daga inda take yanke min."

Ban iya waƙa ba, ko a makaranta wata malamar nake roƙo ta karɓe ni. Amma na kai bakina dab da kunnensa, na ƙanƙance murya na bi sarewar yadda na ji ta, na hau iyakar inda maƙogwarona zai kai, na riƙe har numfashina ya ƙare. Shi kuma ya runtse ido, ya dafa gwiwoyi, yana jira.

"Fara mana, Auta," ya ce. "Kada ki ji kunya, ba kowa."